Baba Yana Ganin Gonar Tasawa Ta Taga

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, ina gajiya? Ramatu ce daga Vaulx-en-Velin.

Da likita ya ce ciwon babanmu ba na warkewa ba ne, sai ni da yayana Isufu muka shiga neman gidan jinyar masu irin wannan hali. Isufu ya samo ɗaya kusa da shi a Paris, mai ma'aikata da yawa, likita ba ya yankewa. Na Lyon kuwa, kusa da ni, ma'aikatansa kaɗan ne, amma sun yarda in zauna wurinsa, in kawo masa kunu, su kuma juya gadonsa alƙibla. Muna ta gardama, Baba ya ce, "Ku kai ni inda zan ga itatuwa."

Yanzu yana na Lyon, inda akwai itatuwa. Da la'asar yakan zura wa taga ido yana murmushi, wai ga gonarsu ta Tasawa, hatsi ya fid da kai, marigayiya innarsa tana tafe da ƙwarya. Jiya ya ce, "Ramatu, ta kusa isowa."

Masu sauraro, me zan amsa masa? Ina gaida Isufu. Yaya, ka taho, kada ka jira hutu.