Addu'ata Ta Zama Binne

Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Bulus daga Kiyako. Ni Kirista ne, amma tun shekarar fari addu'a ta bushe mini a baki. In durƙusa, in tashi, zuciyata wayam. Har majami'a na daina zuwa.

Rannan na tarar da Inna tana binne, tana zuba gero cikin busasshiyar ƙasa, ko hadari babu. Na ce, "Inna, in ruwan bai zo ba fa?" Ta ce, "In ya zo, gara ya tarar da irin a ƙasa."

Na koma addu'a, amma har yau shiru. Masu sauraro, wanda ya taɓa shiga wannan hali, yaya ya gane Ubangiji yana kusa tun ruwa bai sauka ba?