Ƙwallon Da Fatawu Ya Ƙi Jefawa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Shugaban wannan taro, Alhaji Shitu. Limaminmu, Malam Tamimu. Iyayenmu mata da suka tsallako ruwa daga unguwannin Park Hill da Stapleton tun hantsi. Tsofaffin abokan wasan marigayi da alƙalan wasa da suka karrama mu. 'Yar'uwata Fauzia, matar marigayi, da 'yarsu Hanan. Jama'ar unguwar Mount Hope baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ina godiya ga kwamitin masallaci da ya ba ni damar yin magana a wannan addu'ar arba'in. Sunana Abukari. Duniya ta san Abdul-Fatawu da gwanintar jifa a wasan besbol, wanda ake jefo ƙwallo a buga da sanda, ni kuwa na san shi tun muna yara muna fasa tagogin mutane a bayan titin Grand Concourse. Da ya kai babbar ƙungiya ya ja ni, na zama mai cafe masa ƙwallo a wajen atisaye.

Abu biyu zan faɗa a kansa. Na farko, zamansa da alƙalan wasa. Ban taɓa ganin ya ɗaga wa alƙali murya ba, ko da kowa a fili ya ga an zalunce shi. Yakan ce mini, "Abu, mutumin nan idanu biyu gare shi kamar ni."

Na biyu, kuma shi ne abin da ya tsayar da ni gabanku. Wata shekara, a wasan da zai kai mu zagayen ƙarshe, 'yan ɗaya ƙungiyar suka jefi kyaftin ɗinmu da ƙwallo a haƙarƙari, aka fita da shi a kwance. Manajanmu, Koci Hollis, ya taka har tsakiyar fili ya ce wa Fatawu, "Wanda zai shigo bugu yanzu, ka same shi a jiki, mu rama." Fatawu ya ce, "Koci, ƙwallon nan ta fi mota gudu. Idan ta kuskure kafaɗa, kansa za ta samu. Yaron nan yana da uwa. Ka ce in fitar da shi da jifa mai kyau, zan fitar da shi."

Nan take Koci ya karɓe ƙwallo, ya cire shi daga wasan. Muka sha kashi a wasan. Jaridu suka kira shi matsoraci, abokan da ya ciyar a gidansa suka daina zama kusa da shi a motar ƙungiya, aka mayar da shi ƙaramar ƙungiya a wani ƙauye. Bai kai ƙara ba, bai zagi kowa ba, bai kuma ce ya yi nadama ba. Da na kira shi ina huci, sai ya ce, "Abu, ka yi la'asar kuwa?"

Mahaƙurci mawadaci. Ya dawo, ya yi sunan da kuka sani, waɗanda suka guje shi suka zaɓe shi kyaftin. Da shanyewar jiki ta kwantar da Koci Hollis, 'yan jarida suka manta ƙofarsa, Fatawu ne yake zuwa ya aske masa gemu, ya tura shi a keken marasa lafiya su sha iska. Ga dattijon can a layin gaba. Ɗazu a bakin ƙofa ya riƙe hannuna, da ƙyar maganar ta fito: "Ka faɗa musu shi ne yake da gaskiya." To, Koci, na faɗa.

Hanan, 'yata, kofunan babanki za su yi tsatsa. Wannan labari shi ne gadonki.

Allah Ya jiƙan Abdul-Fatawu, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Fauzia juriya, Ya raya abin da ya bari. Allah Ya ba Koci lafiya. Allah Ya tsare hannayenmu daga cutar da bayinSa, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.