Abin da Na Gani a Jikin Mamman

Tunkiyar Inna Kulu ce ta kai mu Malanbil, can ƙetaren iyaka, ni da ɗanta Mamman. Ita ce ƙanwar tsohuwata, kun san ta, wadda ke zama bakin rijiya tana korar ku. Ta sayar da tunkiyar a kasuwar Illo, ta ƙulle mana kuɗin mota a bakin zane, ta ce da ni: "Kai ab babba, ka riƙa mini shi." To ku da ke ta rawar kai za ku tafi ci-rani bayan girbi, ku matso ku ji.

Aikinmu ɗinke buhunan albasa da loda su a kamiyo, babbar mota ke nan a bakinsu. Maigida kuwa patoro ake ce masa. Mamman bai taɓa iya faɗa ba, kullum baturu yake cewa, 'yan dako su yi ta dariya. Shi ma ya yi. Mutum ne marar hayaniya, ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi.

Ɗaki muka kama a gidan wani tsoho Badande, Baba Sambo, mai faɗa kamar ya ari baki. Kan ruwa kawai mun yi rigima ta fi a ƙirga.

"Wa yaz zubda min ruwan randa?"

"Alwala munka yi, Baba."

"Alwala ko wankan doki?"

Amma in matarsa ta yi tuwon shinkafa sai ya turo mana.

Ranar da abin ya faru zazzaɓi ya kwantar da Mamman, na bar shi a ɗaki na tafi kasuwa. Bayan azahar masu kaki suka dira gidan. Mu duk jandarma muke ce musu, ba mu san bambanci ba. Wai masu fasa-ƙwaurin fetur suke nema, waɗanda suka zauna ɗakin kafin mu. Suka ɓalle ƙofa, suka yi ta yi masa tsawa da Faransanci, shi ko bai ji ko kalma ba. Da labari ya same ni na iso a guje, sun tafi, Mamman na kwance a tsakar gida, rai ya yi halinsa. Babbansu ya bar saƙo wai zazzaɓi ne ya kashe shi, su tarar da shi suka yi yana shure-shure.

Kun san mu, ba ma barin gawa ta kwana. Babu wanda ya yi zancen likita. Ni ne ɗan'uwa na kusa, don haka ni aka ba wanka, ladanin unguwa na zuba mini ruwa. Da na kware rigarsa sai na ga ɓarnar da aka yi masa. Haƙarƙarin hagu ya lotsa, ga shatin takalmi a ƙirji ɓaro-ɓaro, ga bayansa duk tabon gindin bindiga. Ladan ya kawar da kai ya ce a hankali: "Ka dai san doka. Mai wanka ba shi faɗin abin da yag gani." Na sani, tun ina yaro nake jin haka. Kafin magariba mun rufe shi.

'Yan dako suka ƙi yin shiru, har magana ta kai gaban alƙali, aka ce duk mai shaida ya zo. Nan fa ido ya raina fata. Baba Sambo ya ce shi yana masallaci. Matarsa, wadda aka yi komai a gabanta, ta ce tana bayi. Ban ga laifinsu ba, su za a bari da masu kakin a gari. Patoro ya kira ni gefe.

"Kai baƙo na, ba ka da ko takarda. In ka buɗe baki, kak ka koma min rumfa."

Tsoro na ji, ba zan ɓoye muku ba. Amma ba patoro ne ya fi damuna ba, maganar ladan ce. Gawa na ƙasa, ba wanda ya ga jikin sai ni da ladan da ya kawar da kai, ni kuma an ɗaure mini baki da amana. Na rasa ci, na rasa sukuni. Sai na hau keke na tafi Garu, wani ƙauye nan kusa, wurin wani tsohon malami mai noman shinkafa, na same shi a fadama da laka har gwiwa. Ya saurare ni bai katse ni ba, sannan ya ce:

"Aibin mamaci anka ce ka ruhe. Wanga da kag gani, aibin Mamman na?"

Na ce a'a.

"To aibin masu rai na, kuma ba ka yi musu wanka ba."

Na tsaya gaban alƙali na faɗi komai, tafinta na juyawa, masu kakin suna zaune suna harara ta. Na nuna a jikina inda takalmin ya sauka. Daga baya na ji an tuɓe wa ɗaya kaki, an mayar da babbansu wani gari. Ko an ɗaure wani, ban sani ba. A wurina ya yi kaɗan ƙwarai, har yau raina na ɓaci in na tuna. Aiki kuwa ya ƙare, ɗaki ma Baba Sambo ya karɓe, yana ba ni haƙuri yana share ido.

Na biyo mashin ta Madikali na dawo gida, ba tsaraba sai jakar kayan Mamman. Inna Kulu na bakin murhu. Ta karɓi jakar ta ajiye, ba ta buɗe ba. Ta daɗe tana kallona.

"An ce kai kay yi mishi wanka."

"Ni na, Inna."

"Ya sha wuya?"

Ni da na faɗa wa alƙali komai a gaban masu bindiga, sai na kasa ɗaga kai.

"Jikinai sumul, Inna. Kamar mai kwana."

Ta gyaɗa kai, ta tura itace cikin wuta. "Allah shi yi maka albarka," in ji ta. "Ka iya wanka."