Tafarnuwa Ba Ta Kashe Ragon Ntate Sekhonyana Ba

Mai girma Sarkin garinmu, shugaban ƙungiyar masu kiwon tumakin ulu ta wannan yanki na Mokhotlong, Fada na cocinmu, dattawa masu manyan barguna, iyaye mata da aka tura can baya kusa da ƙofa, ina gaishe ku duka. Ni ce Mampolokeng, matar marigayi Tlali. Na gode da aka ba ni dama kafin a kaɗa ƙuri'ar korar Likita Relebohile, likitar dabbobinmu.

Magana ta farko. Da likitar nan ta zo neman tumakin da za ta gwada wa garin tafarnuwa a cikin dusa, don ta ga ko sinadaran garkuwar jiki za su ƙaru a jininsu, wa ya ba ta ko gurguwar tunkiya? Babu ko ɗayanku. Ni na ba ta nawa. Ntate Sekhonyana, ga shi can a sahun gaba, shi ya tare ni a bakin rumfar askin tumaki yana toshe hanci, ya ce, "Ke Mampolokeng, tumakin naki har an sa musu kayan miya, saura tukunya!" Kuka yi dariya har huluna suka faɗi.

Magana ta biyu. Sakamako ya fito, likita ta tsaya a nan inda nake tsaye ta ce sinadaran sun ɗan ƙaru a jini da dakashin uwayen. Ta ce kaɗan. Ta ce cokali ɗaya, kuma kada a bar allurar rigakafi. Da kunnena na ji, da kunnuwanku kuka ji. Amma Ntate Sekhonyana ya koma gida ya ce wa matarsa, "Yarinya ce, tsoro take ji. In cokali ya yi aiki, ai bokiti sai ya fi." Ya kori mai allura daga garkensa, ya ɗura wa babban ragonsa tafarnuwa safe da yamma. Matar ta ce, "Baban yara, ragon nan fa fitsarinsa ya yi ja." Ya ce, "Ƙarfi ne yake fita!" Ƙarfi ya yi ta fita har rago ya kwanta bai tashi ba. Ciwo ya shigo garken da ba a yi wa allura ba, ya kwashe 'yan tumakin bana.

Ban yi murna ba, jama'a. Na je jaje, na ga matarsa tana kuka, don da ulun ragon nan take sa yara a makaranta. Amma yau an zo ana cewa laifin likita ne. Da ta ce a gwada, kun ce mahaukaciya ce. Da ta ce a yi kaɗan, kun ce matsoraciya ce. Yanzu da aka ƙi jin maganarta, ta zama mai kisan kai! To ku kore ta. Sai dai in tunkiyarku ta kasa haihuwa cikin ƙanƙara, ku aika a kira Ntate Sekhonyana ya zo da bokitinsa.

In an ce masu son a kore ta su ɗaga hannu, ni dai hannuna ba zai tashi ba.

Allah ya raya garkenmu, ya mayar wa gidan Sekhonyana abin da suka rasa, ya ba mazanmu kunnen jin magana ko da daga bakin mace ta fito. Allah ya sauke kowa gida lafiya. Na gode.