Jikana Ya Ce Ban San Sunansa Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Shugaban wannan taro, Alhaji Ndanusa. Mai unguwarmu da dattawan da ke tare da shi. Limaminmu Malam Alfa, da Fasto Isaiah. Malamarmu, Malama Shekinah, wadda Allah ya hore wa haƙurin zama da mu. ’Yan uwana ɗaliban ajin manya na Dutsen Kura, masu furfura a fili da masu ɓoye tasu a ƙarƙashin ɗankwali. Mazajen da suka bar matansu suka fito, da ’ya’yan da suka zo kallon iyayensu a kan bencin firamare. Jama’a maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana ƙarshen zango na farko lafiya. Ina gode wa waɗanda suka ara mana ɗakin karatu, da waɗanda suka sayo alli, da waɗanda suka yi mana dariya, domin su ma sun ƙara mana himma. Ni ce Rahmatu, mai ƙosan bakin titi, kuma ni aka zaɓa in yi magana a kan buri da shiri ga mai son koyon Turanci da girmansa. Malama ta ce in faɗi abin da ya kawo ni ajin nan, domin masu shirin shiga zango na biyu su ɗauki darasi. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba kasuwa ce ta kawo ni ba, ba kuma neman aiki ba. Kishi ne ya kawo ni, kuma wadda nake kishi da ita ga ta can a layi na biyu tana murmushi, maƙwabciyata Magdalina, Maman Favour.

Ku fahimce ni, kishi na ce, ban ce hassada ba. Ba na fatan ta rasa abin da Allah ya ba ta. Shekara da shekaru katanga ɗaya ce tsakaninmu, ta ci tuwon sallata, na ci shinkafar kirsimetinta, ita ta riƙe ni ranar da Malam, mijina, ya rasu. Amma abin da ta samu nawa ne, kuma zan faɗa muku yadda aka yi.

Ɗana na fari yana aiki a Fatakwal, can ya yi aure, can aka haifa masa ɗa, aka mayar wa yaron sunan marigayi Malam, mijina. Kun san al’adarmu. Mace ba ta kama sunan mijinta, yana raye ko ya kwanta dama, kuma duk yaron da ya ci sunan, sai a nema masa laƙabi. Har a nan wurin ba za ku ji sunan a bakina ba, wanda ya san Malam ya san shi. Ni Maigida nake ce wa yaron. Da aka kawo mini shi hutun ƙarshen shekara, na tarar ba ya jin Hausa ko ta “zo in kashe ka”. Sai in tsaya a tsakar gida in ce, “Maigida, zo ka ba ni kuɗin cefane,” irin wasan kaka da jika, shi kuwa ko waiwayowa ba ya yi, domin bai san da shi ake ba. Maman Favour kuwa ta yi aikin asibiti har ta yi ritaya, Turanci a bakinta kamar ruwa. Daga bayan katanga za ta ƙwala masa kira da sunansa gatsal, sai ka ga yaro ya zuba a guje ko takalmi babu.

Jama’a, ni na yi masa dambun nama, ni na soya masa alkaki, ni na yanka masa zakaran da nake ji da shi. Ita taliyar leda kawai take dafa masa, ya cinye, ya lashe cokali, ya kwanta a cinyarta yana ba ta labari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ina zaune ina jiyo dariyarsu ta kan katanga, ban san abin da ake wa dariya ba, zuciyata tana tafasa.

Ana gobe za su koma, Maman Favour ta shigo ta same ni ina tsince wake. Ta ce, “Hajiya, yaron nan ya tambaye ni wani abu, ban san yadda zan gaya miki ba.”

Na ce, “Faɗi mana, Maman Favour.”

Ta ce, “Ya ce wai me ya sa kakarsa ba ta san sunansa ba. Ya ce kowa ya sani, har mai shagon bakin layi, ke kaɗai ce ba ki taɓa kira ba. Wai ko ba ki son shi ne. Ki bari in yi masa bayani yanzu, ba zai ɗauki lokaci ba.”

Na ce mata a’a. Na ce idan ita ta yi bayanin, ita zai gode wa, a kanta zai ƙara ɗora kansa. Ubansa kuma ɗan fari ne, akwai kunya tsakaninmu, ba zan zaunar da shi in ce ga abin da ke ci mini rai ba. Haka yaron ya shiga mota da wannan tambaya a cikinsa, ya ɗaga wa Maman Favour hannu biyu, ni ya ɗaga mini ɗaya. Satin da ya biyo na zo na rubuta sunana a wurin Malama Shekinah.

Wannan ya kawo ni ga batu na farko. Duk mai son koyon Turanci, ya san wa zai yi wa magana, kuma me zai ce masa. Ranar farko Malama ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambayar burinmu, kusan kowa ya ce, “Ina so in iya Turanci.” Ta ce wannan ba buri ba ne, fata ne, domin Turanci ba shi da ƙarshe, kuma wanda bai san inda za shi ba, ba zai san ya iso ba. Sai muka sake tunani. Wata ta ce tana so ta gaya wa likita inda ke mata ciwo ba tare da surukinta yana tsaye yana fassara ba. Wani ya ce yana so ya yi ciniki da masu zuwa sayen doya daga kudu. Ni na ce ina so in gaya wa jikana, da bakina, dalilin da ya sa ba na kiran sunansa.

Batu na biyu, a yanka wa buri wa’adi, a kuma raba shi gutsure-gutsure. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni na ɗauki Babbar Sallah, lokacin da aka ce za a dawo mini da shi. Malama ta yanka mini maganata gida-gida, kowane mako in ɗauki guda, in yi ta maimaitawa ina markaɗe, ina maimaitawa ina suya, har masu sayen ƙosai suka fara tambayar ko lafiya. Ba ku buƙatar yini guda, abin da kuke buƙata shi ne kullum. Kuma ku ajiye kunya a gida, gemu ba ya hana ilimi, furfura ma haka.

Batu na uku shi ne wanda na fi so ku riƙe, domin a nan shirina ya sami ɓaraka. Gaggawa ta kama ni, na kasa jiran Sallah. Ran Lahadin da ta wuce, bayan la’asar, na ga maganata ta zauna daram a bakina, na ce a kira mini Fatakwal. Wayata ƙarama ce, ba ta nuna fuska, saboda haka dole na tafi aro, kun kuma san wurin wa. Maman Favour ta riƙe wayar, yaron ya bayyana, ita ya fara gaisarwa, na haɗiye wannan ma. Sannan na gyara zama na faɗa masa da Turanci, ban tsallake ko kalma ba. Na ce masa na san sunansa tun kafin a haife shi. Na ce sunan mijina ne. Na ce a wurinmu mace ba ta kiran wannan suna saboda girmansa, kuma sunan da aka fi so shi aka fi ɓoyewa.

Yaron ya dube ni. Sai ya buɗe baki ya yi magana, doguwa, da sauri irin ta yara, yana nuna ƙirjinsa, yana nuna ni. Jama’a, ban tsinci komai ba. Wata da watanni ina horar da bakina, ban taɓa horar da kunnena ba. Na shirya bayani, na manta cewa mai rai zai ba da amsa. Na juya ga Maman Favour, sai na ga ta fara dariya, dariyar ta tsaya, ta sa bakin zanenta tana share hawaye. Kafin in ce wani abu layi ya yanke.

Ta ce, “Hajiya, kin san abin da ya ce?”

Na ce, “Kada ki faɗa.”

Ta ce, “Ai kuwa ya kamata ki ji, maganar taki ce.”

Na ce, “Tawa ce, shi ya sa ba na son a juya mini ita. Ki riƙe ta yadda ya faɗa. Ranar da kunnena ya buɗe, ki maimaita mini da Turancinsa, in ji da kaina.”

To, kun ji inda nake. Magana mafi daɗi da jikana ya taɓa yi mini, wata ce ta ji ta, wata ce ta yi mata kuka, kuma kullum da safe ina ganinta tana shara da maganata a cikinta. Idan na ce muku ba na jin zafi, na yi ƙarya a gaban liman da fasto. Saboda haka na sake shiri. A zango na biyu burina kunne ne. Kullum idan na sauke kasko zan tsallaka gidanta, ta yi mini Turanci, in saurara, ta gyara mini, in haɗiye. Ku ma da za ku shiga, ku rubuta burinku gida biyu, abin da za ku faɗa da abin da za a mayar muku, kuma kowa ya nemi wanda zai riƙa yi masa magana, ko da wanda yake jin haushinsa ne.

Allah ya saka wa Malama Shekinah da alheri, ya ƙara mata haƙuri. Allah ya albarkaci shugabanninmu da unguwarmu, ya zaunar da Minna da ƙasarmu lafiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya mana zuriya, ya buɗe bakin kowane ɗalibi da kunnensa, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Ina kuma roƙon liman da fasto su taya ni da wata addu’a ta musamman. Allah ya ja kwanan Maman Favour, ya tsare ta daga ciwo, ya tsare ta daga mantuwa, domin ajiyata tana wurinta, kuma ban karɓa ba tukuna.

Na gode.