Naman Shanun da Kumazo Ya Ci

Mai girma dagacinmu Jinbei, da kai mai kula da ɗakin bauta, dattawan unguwanni, 'yan'uwana mata da ke can baya, jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku. Na gode da kuka bar ni, Otane mai sayar da takarda, in yi magana kafin ku yanke wa ɗana Kumazo hukunci.

Kun ce ba zai sa kafaɗa a karagar abin bautarmu ranar bikin girbi ba, domin ya ci naman shanu a birnin Yokohama, abin da al'adarmu ta hana, ya ƙazantu. Kun kuwa san wanda aka cire daga karaga, ba mai taya shi dashen shinkafa, ba mai ba shi mata.

Da farko, ku tuna inda muka fito. Shekara ɗari biyu da ɗoriya masu mulki suka rufe ƙasar nan, don tsoron addinin baƙi da bindigoginsu. Namu bai fita, nasu bai shigo, in ban da 'yan fatake da aka killace a Nagasaki. Mun sami zaman lafiya, ban musa ba, amma mun sami duhun kai a matsayin ƙari. Ni na girma da sanin baƙi ba su da dunduniya, shi ya sa takalminsu ke da tudu. Ranar da Kumazo ya dawo daga dako a tashar jirgin ruwan Yokohama, sai da na tuɓe masa takalmi, in ga ko zama da su ya cinye tasa. Ya ce, "Inna, me kike nema?" Na ce, "Rufe mini baki, ɗago ɗayar!"

Na biyu, ba Kumazo ya buɗe ƙofar ƙasar ba. Da aka rufe ba a tambaye mu ba, da jiragen hayaƙi suka zo aka buɗe ba a tambaye mu ba, yanzu kuma laifin duka sai ya sauka a kan mai jin yunwa?

Na uku kuwa, ku yi haƙuri da ni. Kowa ya san mai son cin nama a ɓoye yakan liƙe wurin bautar gidansa da takarda, don kada kakanni su gani. To, wa ke sayar da takarda a ƙauyen nan? Rannan matar wani babba ta zo, ta ce, "Otane, ba ni falle biyu masu kauri." Na ce, "Wasiƙa za a rubuta?" Ta ce, "Maigida ne ba lafiya, magani zai sha." Na bi ta ƙofarsu da la'asar, sai ga maganin yana ta ƙamshin albasa! Ba zan ambaci suna ba. Ranka ya daɗe, yaya jikin?

Karagar nan sai da kafaɗa goma sha shida take tashi. In dokarku za a bi, ni ce zan rage, da mai kula da ɗakin bauta, da tsoho Gonsuke da ba shi da haƙori. Ko ku bar ɗana ya ɗauka, ko ku zo ku ga yadda mu ukun za mu hau tudu da ita.

Kakanni su tsare gonakinmu, su cika mana rumbuna, su kuma ba marasa lafiyarmu sauƙi, don yawansu ya fara ba ni tsoro.

Na gode.