Gafarar da Na Kai wa Yaya Nomau

Ina gaishe ku da sunan Yesu, iyayena da 'yan'uwana. Sannunku da zama. Fasto ya ce in tashi in faɗi abin da Allah ya yi mini. Na ce masa ni kaina ban gama gane shi ba, ya ce in faɗa haka nan.

Sunana Rahila, amma a gidanmu, can wani ƙauye kusa da Ruwan Bago a ƙasar Rogo, Lami ake kirana. Mu Maguzawa ne. Babanmu ya mutu tun ina ƙarama, yayana Nomau ya riƙe ni da innarmu.

Ina budurwa wani tabo ya fito mini a kafaɗa, ko an tsunkule ni a wurin ba na ji. Aka sha saiwa, aka yanka kaji, ba sauƙi. Da yatsuna suka fara lanƙwashewa, kowa ya san kuturta ce.

Nomau ya ɗora ni a jaki har Ƙaraye, ya sa ni a motar gyaɗa mai zuwa Kano, ya ce wa direba ya sauke ni a asibitin kutare na 'yan mishan. Na riƙe rigarsa ina kuka. Ya ɓamɓare hannuna ya juya. Ko waiwaye bai yi ba!

Na yi shekaru a can. A can na ji labarin Yesu, aka yi mini baftisma. Daga baya sabon magani ya zo, jikina ya fara kyau. Amma zuciyata? Ba zan ɓoye muku ba, na sha roƙon Allah ya ɗora wa Nomau irin ciwona, ya ji yadda ake ji.

Kowace safiya muna yin addu'ar da Ubangiji ya koya mana. In an zo wurin da muke roƙo a yafe mana yadda muke yafe wa wasu, sai in rufe baki. Wata tsohuwa da ke kusa da ni, Baba Hannatu, ta lura. Ta ce, "'Yata, me ya sa kullum kike haɗiye wannan wuri?"

Na ba ta labari. Ta ce mu durƙusa. Na ce, "Yesu, ba na so in yafe masa, kuma ban iya ba. In kana so, sai ka yi da kanka." Na yi kuka har muryata ta dushe. Da na tashi, nauyin nan ya sauka daga ƙirjina. Haleluya!

Da likita Bature ya duba ni ya ce cutar ta mutu, na kama hanyar gida. Ina tafe ina shirya maganata. A raina na riga na ga Nomau ya durƙusa yana hawaye, ni kuma ina ɗaga shi.

Na same shi a gindin ɗorawa yana gyaran garma. Ya yi furfura, ya musulunta, ya yi aure. Muka gaisa kamar baƙi. Na ce, "Ina Inna?" Ya ce, "Inna ta daɗe da rasuwa." Ranar ban iya komai ba sai kuka.

Kashegari na sake samunsa yana gyaran garmar, na ce, "Yaya, na zo ne in gaya maka na yafe maka."

Ya ajiye garmar. "Kin yafe mini me, Lami?"

"Ka yar da ni."

"Ni na yar da ke? Mutanen gari cewa suka yi a yi miki bukka a daji. Ni na bi kasuwanni ina tambaya har na ji labarin asibitin nan. Da na waiwaya ranar, wallahi da na sauke ki daga motar, da yanzu babu ke." Ya dube ni. "Ke fa? Fatake na zuwa daga Kano kullum, ko saƙon baki ba ki aiko ba. Inna ta yi ta zaman bakin hanya har ta kwanta. Da sunanki a bakinta ta cika. Ni ne nake ta fama da zuciyata in yafe miki!"

Jama'a, kaina ya juya. Na kasa tsayuwa, na kasa zama. Na zagaya bayan rumbu na ce, "Yesu, mene ne wannan? Ka ba ni kaya na ɗauko tun daga Kano, mai kayan ya ce ba nasa ba ne. Ashe ni ce mai laifi? To zafin da na ji fa, ƙarya ne?" Ban ji wata murya ba. Abin da na ji kawai shi ne in koma in zauna.

Na koma na ce, "Yaya, ai kai ma ba ka taɓa zuwa duba ni ba."

Ya ce, "Gaskiya ne. Tsoro nake in zo a ce kin mutu."

Muka zauna. Matarsa ta kawo masa fura a ƙwarya, ni ta zuba mini a wani tsohon kwano ta ajiye nesa. Nomau ya sha, ya miƙo mini ludayinsa. Na ce, "Yaya, dubi hannuna." Ya ce, "Na gani. Sha." Na sha. Ya karɓa ya ci gaba da sha da ludayin nan, matarsa na tsaye ta riƙe baki.

Har yau bai ce ya karɓi gafarata ba, ni ma ban san yadda zan roƙi tasa ba. Wani lokaci in na tuna Inna, fushin yakan taso, sai in rasa da wa nake yi. Amma da kaka yakan aiko a kira ni, ni kuma nakan je. 'Ya'yansa Gwaggo suke ce mini.

Wa ya yafe wa wa? Ban sani ba. Allah ya sani, kuma shi ya mayar mini da ɗan'uwana. Na gode masa!

In akwai wanda kuke riƙe da shi a zuciya, kada ku jira sai kun gane komai. Ku dogara ga Yesu, ku tashi ku je. Amin.